Tun Ran Gini, Ran Zane: Tarihin Shata Gida a Ƙasarmu

Jama'a, ga kaka ta wuce, an kai amfanin gona gida, hunturu ya fara busawa. Wanda duk ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a irin wannan lokaci, ya ratsa ƙasar Bebeji da ta Kiru, ko kuwa ya karkata a Kwanar Dangora ya nufi Tudun Wada da Doguwa, zai ga abu guda a bakin kusan kowane gari. Ga tubali a shanye a rana, ga tarin yashi, ga bulo an jera, ga yara na ta jigilar ruwa. Lokacin gini ke nan ya kama. Wani ɗansa zai yi aure yana neman inda zai sa amarya, wani damina ta kayar masa da katanga, wani kuwa ya sayar da masara da shinkafa, ya sami abin da zai musanya jinka da kwano. A Badafi ta ƙasar Kiru, da sauran garuruwan da ke maƙwabtaka da ita, galibin wannan aiki maigida ne da 'ya'yansa da 'yan'uwansa ke yi da hannunsu, ba a kiran magini sai inda abin ya fi ƙarfinsu.

Hausawa na cewa, tun ran gini ran zane. Zanen da su ke nufi shi ne adon da a ke yi wa bango tun yana ɗanye, don in ya bushe ba ya karɓa. To, akwai wani zane kuma da ya riga wannan, har ya riga ginin kansa, watau shacin da a ke yi a ƙasa kafin a ajiye tubali ko guda. Tarihin wannan shaci mu ke so mu ɗan bi da ku yau, don mun lura mutane sun fara raina shi, alhali kuwa bukatarsa a zamanin siminti ta fi ta zamanin da.

YADDA A KE SHATA GIDA A DA

Kakanninmu ba su da takardar zanen gida, amma wannan bai sa sun yi gini da ka ba. Allonsu shi ne filin da za a gina ɗin kansa, alƙalaminsu kuwa tsinken itace, ko dunduniyar ƙafa, ko toka. In mutum zai yi ɗaki mai kewaye, irin wanda a ke ɗora wa jinka, sai ya share wuri, ya kafa turke a tsakiya, ya ɗaura masa igiya, ya auna ta da kamu gwargwadon faɗin da ya ke so, ya ɗaura tsinke a bakinta, ya ja ya kewaya har ya komo inda ya fara. Ga ɗaki ya fito a ƙasa da ainihin girmansa, ba ƙari ba ragi. Sa'an nan ya shiga ciki ya tsaya ya duba. Nan gado zai zauna, nan jeren uwargida, nan ƙofa. In ya ga wurin ya yi ƙunci, sai ya sa ƙafa ya share, ya ƙara wa igiya kamu guda, ya sake ja. Bai yi hasarar ko anini ba.

Awon nan kuwa ba a mantawa da shi in bango ya tashi, don tsaikon jinka a ƙasa a ke ɗaura shi, a gefe guda, sa'an nan a kira maƙwabta su taru su ɗaga su ɗora. Abin da ya sa a ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ke nan. In ba a daidaita awon tsaiko da na bango ba, ranar ɗauka sai a ji kunya a gaban jama'a, ko dai jinka ta nemi faɗawa ciki, ko kuwa ta rasa bakin da zai sauko ya kare bango daga ruwa.

Shacin gida ɗungum ya fi wannan wuya. Maigida da magini, da wani dattijo cikin dangi, su kan taka filin da ƙafa suna ƙirga taku. Abin da a ke fara dubawa shi ne hanyar ruwa. Mai hankali ma tun da damina ya ke zuwa ya tsaya ya ga inda ruwa ke kwanciya da inda ya ke gangarawa, ya riƙe a ransa har rani. Na biyu gabas. Hadarin ƙasarmu galibi daga gabas ya ke tasowa da iska mai ƙarfi, sabo da haka bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, shi a ke ƙara wa yaɓe, a kan kuma guji buɗe ƙofar ɗaki ta wannan fuska in da hali. Gabas ɗin nan har wa yau ita ce alƙibla, tilas a san ta kafin a haƙa salga, kada mai shiga ya fuskance ta ko ya ba ta baya. Salga kuma a nisanta ta da rijiya.

Bayan wannan sai tsarin shiga. Zaure a bakin hanya, inda maigida ke karɓar baƙi, ko ya yi sana'arsa, ko malami ya karantar. Daga zaure sai ƙofar gida, inda ɗakin samari da na baƙi su ke, da turken doki ko na jaki. Sa'an nan shigifa, sa'an nan cikin gida, inda ɗakunan mata su ke, da turaka, da madafa, da rumbuna. Gwanintar mai shaci a nan ta ke, watau ya karkatar da ƙofofin nan yadda wanda ke tsaye a waje ba zai miƙa ido ya hango tsakar gida ba. In bango ya riga ya tashi gyaran wannan sai da rushewa. Amma a kan shaci, sai mutum guda ya tsaya a bakin zaure, wani ya tsaya inda mata za su yi daka, a duba ko alamun ƙofofin sun miƙe a tsakaninsu. In sun miƙe, a gusa da guda.

Abu na ƙarshe, a bar fili. Gidan Bahaushe ba ya ƙarewa ran da aka tare. Yaro zai girma ya yi aure cikin gandun ubansa a yanka masa sashe, 'yar'uwa za ta dawo gida a nema mata ɗaki, shekara za ta yi kyau a ƙara rumbu. Mai shaci na gari ya kan bar gefen da gida zai miƙe nan da shekara goma ko ashirin, ya kewaye shi da darni, a riƙa shuka kuɓewa da barkono kafin lokacin ya yi.

ABIN DA YA SA AKA TSANANTA

Kada mai karatu ya zaci wannan tsanaki duk don ƙawa ne. Ƙasar nan ta kudancin Kano, a ƙarni na 19, ba wurin da mutum zai tafi bakin gonarsa ya kafa gida shi kaɗai ba ne. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau sarauta a 1855, mayaƙan Ningi suka yi ta kawo hari wannan sashe suna kama mutane da dabbobi, sabo da haka jama'a suka matsu cikin garuruwa masu ganuwa. Bebeji na ɗaya daga cikin manyansu. Tana bisa hanyar fatake ta Zariya zuwa Kano, har Baturen nan matafiyi, Kyaftin Clapperton, da ya bi ta cikinta a 1826, ya rubuta cewa babban gari ne na 'yan kasuwa. Ganuwarta kuwa na nan tsaye har 1903, sa'ad da rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya ta fasa ƙofar garin da igwa, kafin ta isa Kano ta ci ta ran 3 ga Fabrairu.

To, a cikin ganuwa fili yana da iyaka, bangonka shi ne bangon maƙwabcinka. Kowane ɗaki da za ka ƙara sai ya taɓa haƙƙin wani, ko ta wajen ruwa, ko ta wajen hanya, ko ta wajen ido. A nan ne shacin ƙasa ya yi wani amfani da ya wuce na awo, don abu ne da kowa ke gani. Maƙwabci zai fito da safe ya ga layin toka, in yana da magana ya faɗa tun ba a kwaɓa ƙasa ba. Mai unguwa zai zo ya taka ya shaida. Rigimar da za ta kai mutane gaban alƙali sai ta mutu a tsaye, ana gaisawa.

Malaman fiƙihu ma ba su bar wannan babi ba. A ƙarni na 14 an yi wani magini a birnin Tunis, sunansa Ibnur Rami, wanda alƙalai kan aika ya dubo musu gine-ginen da a ke jayayya a kansu, har ya tattara hukunce-hukuncen gini na mazhabar Malikiyya cikin littafi guda. A ƙasarmu kuma, a 1836, Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Halidu ya tsara wa alƙalai littafin mas'alolin da husuma ta fi yawa a kansu, cikinsu har da na bango da ƙofa da magudanar ruwa da hanya. Tushensu duka guda ne, watau mutum yana da ikon yin abin da ya ga dama cikin mallakarsa muddin bai cuci wani ba. Kada indararonka ya zuba a gindin bangon maƙwabci. Kada tagarka ta leƙa tsakar gidansa. Kada ka ci hanya har jaki da mangala ya kasa wucewa, ko a rasa inda za a bi da makara. Duk waɗannan, in kun lura, a kan shaci a ke gane su.

GWANAYEN GINI

Abin da muka faɗa a baya aikin kowane magidanci ne. Amma in aka zo ga soro, watau ɗaki mai rufin ƙasa, sai a nemi magini. A wajen Tudun Wada da Doguwa, inda ruwan sama ya fi na arewacin Kano yawa, jinka ta fi sauƙin riƙo ga talaka, soro kuwa an fi ganinsa a gidajen sarauta da na attajirai da masallatai, don yana son yaɓen makuba ko laso a kai a kai.

Magini, kafin ya ja layi ko guda, sai ya tambayi azara. Azara, kamar yadda kuka sani, tsagin itacen giginya ce, gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar da ke ƙarƙashinta ta wuce kamar ƙafa 6. Ke nan azara ce ke yanke faɗin ɗaki tun bango bai tashi ba. Wanda ke son ɗaki ya fi haka faɗi, dabara uku ke gare shi. Ko ya riƙa fito da azara daga bango hawa-hawa, kowace ta zarce ta ƙarƙashinta, ya kuma gicciya wasu a kusurwoyi don ya rage tazara. Ko ya tsai da ginshiƙi a tsakiya. Ko kuwa ya ɗaura baka, wadda a ke kira bakan gizo, ita ce sarauniyar dabarun. Ana binne gindin azara cikin bango, a karkato da ita ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe, sa'an nan a ɗaura wata bisanta ta ƙara leƙowa, haka daga wannan gefe, haka daga wancan, har ƙafafun biyu su haɗu a sama. In bakuna suka giccia juna sai a sami ɗaurin guga, a rufa tulluwa a kai, wadda ke zubar da ruwa da sauri.

Ku duba fa, duk nauyin bakan nan bango ne ke riƙe da shi. Sabo da haka tilas magini ya san bakuna nawa zai ɗaura, da inda kowace za ta taso, tun ran da ya ke shata harsashi, don a ranar ne a ke yanke kaurin bango. Wanda ya yi kuskure a nan ba zai sani ba sai bayan wata biyu ko uku, sa'ad da ya hau sama, ran nan kuwa ba gyara.

Wanda sunansa ya fi shahara cikin masu wannan sani shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ba da takarda ya yi aiki ba. Ginshiƙan nan da bakunan da ke tasowa daga jikinsu duk a ransa ya riƙe su, ya sauke su ƙasa da igiya da taku. Sai bayan fiye da shekara 100 masana gini suka zo da ma'auni suka auna masallacin suka sa shi a takarda. Cikinsu akwai Dmochowski, mutumin ƙasar Poland, wanda ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, aka kuma gina kwatankwacin masallacin a gidan tarihi na Jos bisa jagorancinsa. Watau a nan gini ne ya haifi takarda.

Amma kada wannan ya ruɗe mu. Gwani ya iya riƙe gini a ka ne don tun yana yaro ya ke cikin sana'ar. Ya fara da ɗaukar ƙasa da tattaka ta, ya koma jefa wa ubangidansa tubali a bisa bango, ya yi shekaru yana kallo kafin a bar shi ya ɗaura baka guda, ga kuma Sarkin Magina a kansa mai tsawatarwa. Duk da haka bai taɓa ƙin shata ƙasa ba. To, ina ga ni da kai, da ba mu gini sai sau biyu ko uku a tsawon rai?

ZUWAN TAKARDA

Bayan 1903 abu biyu suka sake. Na fari, hare-hare sun ɗauke, mutane suka riƙa fita daga ganuwa suna kafa gidaje kusa da gonakinsu. Fili ya yalwata, idon maƙwabci ya yi nisa, tsananin da a ke yi wajen shaci ya fara sassautawa. Na biyu, takarda ta iso. Jirgin ƙasa ya kai Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913 da tituna miƙaƙƙu da fuloti-fuloti, a 1917 kuma Gwamnati ta kafa dokar garuruwa wadda ta sa ido a kan yadda a ke gini a unguwannin da ke ƙarƙashinta. Aka ga safiyo da sarƙarsa, aka ga malaman taki na En'e suna auna gonaki don haraji. Jirgin nan kuma shi ya sauƙaƙa zuwan kwano da siminti.

Da fari dai Turawa da maginan ƙasa suka yi aiki, da tubali da azara. Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, gidan ƙasa ya zauna, ga shi nan har yanzu ana kiransa da sunansa. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ita ma ginin ƙasa ce. A irin waɗannan ayyuka ne takarda da igiya suka fara haɗuwa. Mai takarda ya faɗi tsawo da faɗi, magini ya kafa turaku ya ja igiya ya mai da su ƙasa, inda takarda ta nemi faɗin da azara ba ta kaiwa kuwa, sai ya amsa mata da baka.

Takarda tana da falalarta, ba mai musu. Ana ɗaukarta a kai wa wani ya duba, ana ajiye ta shekaru, ana ƙirga kayan aiki a kanta a san kuɗinsu tun ba a fara ba. Aibinta shi ne ƙanƙanta. Uwargida ba ta iya shiga cikinta ta ga ko madafa ta ishe ta, maƙwabci kuma ba ya ganinta in tana cikin aljihu. Ban da wannan, a birni ta tsaya, wurin Gwamnati da masu hali, ƙauye kuwa ya ci gaba da igiyarsa. Har ma a birnin, da jama'a suka yi yawa, masu sayar da gonaki suka riƙa yanka filaye da igiya ba su bar hanyar kirki ko magudana ba, sai kalmar awon igiya ta zama sunan unguwar da ba tsari. Igiya kuwa ba ta yi laifin kome ba, waɗanda suka riƙe ta ne suka bar kiran maƙwabci da tunanin ruwa.

ZAMANIN BULO DA KWANO

Mutanen wannan sashe sun ga gini daga tushe da idonsu a zamanin Gwamna Audu Bako, sa'ad da aka datse Kogin Kano a Tiga, cikin ƙasar Bebeji, daga 1971 zuwa 1974. Ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki, jama'a suka tashi suka koma sababbin matsugunai, kowane magidanci ya sake tsayawa a kan fili fetal yana tunanin inda zaure zai zauna da inda rumbu zai zauna. Daga waɗannan shekaru kuma, da hanyoyin mota suka yawaita, kuɗi suka ƙara shiga hannun mutane, bulo da kwano suka bazu cikin ƙauyuka.

A nan ne maganarmu ta ke. Ginin ƙasa yana da yafiya. In bango ya karkace, ko ɗaki ya zauna inda bai dace ba, sai a rushe, a jiƙa ƙasar, a tattake, a sake tubali da ita, ba a yi hasarar kome ba sai gumi. Siminti ba ya yafewa. Buhu mai kilo 50, da zarar an kwaɓa shi ya kama, ya tafi ke nan, bulon da aka fasa kuma ba ya komawa bulo. Yadda azara ke yanke faɗin ɗaki a da, haka tsawon kwano da na katako ke yanke shi yau, wanda bai tambaye su ba tun a ƙasa sai ya ga ana yanke masa falle ana yarwa, ko kuwa bandir mai falle 20 ya ƙare saura kusurwa guda a buɗe. Kangayen nan da mu ke gani a bakin hanya, bango ya kai linta ya tsaya shekara da shekaru, ciyawa ta fito a ciki, da yawansu ba rashin kuɗi kaɗai ya tsai da su ba. Masu su sun fara abin da ba su ƙirga ba.

Mun san wani magidanci da ya sayar da shanunsa biyu ya yi wa ɗansa ɗaki da falo na bulo. Birkila ya zo da safe, ya tambaye shi ina za a sa, ya nuna da baki, kafin azahar an haƙa harsashi. Sai da aka kai ga rufi aka lura tagar ɗakin tana kallon tsakar gidan maƙwabci, ruwan kwanon kuma zai sauka a gindin katangarsa ta ƙasa. Magana ta kai ga mai unguwa, aka toshe taga, aka juya rufi, kuɗin ƙofa da daɓe suka tafi a nan. Aure ya ja baya har wata kaka, gida biyu da suka tashi tare kuma suka daɗe gaisuwarsu ba ta wuce ta baki ba. Da an zuba toka an bar ta kwana uku, da duk wannan bai faru ba.

Kada kuma a ce hanyar da ta mutu. A garin Yama, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, wanda bai yi makarantar zanen gini ba, ya gina wa garinsu masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, jama'ar gari na taimakonsa, wani da tubali, wani da ruwa, wani da itace. A 1975 ya sake masa rufi da bakuna da tulluwa, daga baya ya ƙara masa hasumiya huɗu. A 1986 aka ba wannan masallaci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda a ke bayarwa ga zaɓaɓɓun gine-ginen duniyar Musulmi. Ga shaida cewa sanin da ke cikin igiya da turke ba ƙaramin sani ba ne.

ABIN DA MU KE GANI

Shawararmu ga masu shirin gini bana ita ce su haɗa gadon biyu, na kakanni da na makaranta. Ka sami falle guda daga littafin lissafi mai gida-gida, ka kira ɗanka ko 'yarka da ke makaranta, ku ɗauki kowane gida a matsayin ƙafa guda, ku zana filin duka da abin da ke cikinsa, da rijiya da salga da itace da hanya, ku sa alamar gabas da inda ruwa ke gangarawa. Ku zana ɗakin da za a yi bana, da wanda a ke fatan yi nan gaba. A kan wannan falle ku ƙirga kaya. Bulo kamar 10 ke rufe murabba'in mita guda na bango, daga nan lissafin siminti da yashi da kwano ba shi da wuya, birkila da kafinta za su taimaka. In kuɗin ɗaki biyu bai kai rufi ba, a yi guda a rufe, ya fi biyu a buɗe.

Sa'an nan ka sauke takardar a ƙasa, yadda kakanka ke yi. Ka kafa turaku, ka ja igiya, ka zuba toka. In kana son kusurwa ta daidaita, auna ƙafa 3 a igiya guda, ƙafa 4 a ɗayar, in tsakanin alamun biyu ya ba da ƙafa 5 to ta yi. Ka kuma auna daga kusurwa zuwa wadda ke gicciye da ita, bangare biyun su zo daidai. Kada ka haƙa a ranar. Bar shacin ya kwana biyu ko uku. Ka kira uwargida ta shiga ta kewaya, don mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, ita ce kuwa za ta wuni a ciki. Ka kira maƙwabci ya gani, ka gaya wa mai unguwa. In wurin yana cikin inda hukuma ke neman a nuna mata zane, a nuna. In kuwa bene ne, ko rufin kankare, wannan ya wuce aikin maigida da 'ya'yansa, a nemi injiniya, don rayukan mutane ne za su kwana a ƙarƙashi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuskuren da ke kan toka ƙafa ke share shi, wanda ya hau bango kuwa sai guduma da kuɗi, wani lokaci har da zumunci. Muna roƙon masu karatu, musamman dattawan da suka ga yadda a ke shata gida a garuruwansu, su rubuto mana abin da suka sani na awo da sunayen kayan aiki, don a adana wa na baya. Allah Ya ba mu ikon gina abin da jikokinmu za su zauna ciki lafiya, su da maƙwabtansu. Amin.